Ranar da Munzali Ya Sa Hannu a Kwanon

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka dosa. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwanmu Malam Munzali Surajo Gumel a wani asibiti a nan Doha, bayan doguwar jinyar ciwon hanta. Ina cikin jirgin ƙasa, mun doshi tashar Mushairib, maiɗakinsa Hadijatu ta kira ni. Abin da ta iya faɗa shi ne, "Malam Haliru, ya tafi." Har na wuce tashata ban sani ba.

Malam Munzali, yau da kai zan yi magana, kamar yadda muka saba a ofishin ɗaliban bincike, teburinka yana kallon nawa.

Ka zo Doha neman digiri na uku a fannin fassara, bayan shekarun da ka yi a birnin Tainan na Taiwan, inda Sinanci ya zauna a bakinka daram. Ranar da na fara jin ka da shi muna tafiya ne a bakin teku, a Corniche. Wata tsohuwa 'yar yawon buɗe ido ta ɓace wa tawagarta, tana tsaye tana ta waige-waige. Ka matsa ka gaishe ta da harshenta. Ta dubi hularka, ta dubi gemunka, ta fashe da dariya har da hawaye. Ba ka bar ta ba sai da ka sada ta da mutanenta. Bakin nan naka kuma shi ne wanda yake jan mu sallah idan Hausawan Doha suka taru, da ƙira'ar da take sa mutum ya manta da gajiyar ƙafafunsa.

Bincikenka a kan yadda za a rubuta Hausa a ƙasan hoton wasannin kwaikwayo na Sinanci ne. Cikin waɗanda ka zaɓa akwai wani na Taiwan, labarin wani mai shagon taliya a ƙaramin garin bakin teku, da wani matuƙin jirgin fito da yake zuwa cin abinci a wurinsa. Mai taliyar nan yana da wata lalura mai ban mamaki: duk lokacin da kewar wani ta kama shi, sai ruwan sama ya sauka a kan rufin shagonsa shi kaɗai, maƙwabta kuwa rana tana dukansu. Tun da ya fara ganin matuƙin nan, duk ranar da jirgi ya yi latti sai shago ya jiƙe. Bai faɗa wa kowa komai ba, amma gari duka ya gane.

Ni kake ba wa Hausar in duba maka. Da na fahimci inda labarin ya nufa, na ajiye alƙalami na ce, "Malam, maza biyu ne fa."

Ka ce, "Na gani. Hukuncin addini na san shi, kai ma ka san shi, kuma ba shi aka tambaye mu ba. Fassara aka ce mu yi. Abin da mutum ya faɗa shi za mu rubuta."

Akwai wurin da mahaifiyar mai taliyar ta shigo shagon ta tarar ruwa yana zuba. Ta jera bokitai, ta dubi ɗanta ta daɗe, sannan ta ce masa kalmomi kaɗan. Wani abokin karatunmu ya ba da shawarar a sa mata irin maganar da uwa Bahaushiya za ta yi a nan, mai zafi, don masu kallo su ji daɗi. Ka girgiza kai. Ka ce, "Cewa ta yi, 'Ka ci abinci?' Matar nan ba ta zagi ɗanta ba. Don me zan sa mata zagi a baki?" Haka ka rubuta shi, kalma uku. Na kalli wurin da fassararka a ƙasa, na mayar da shi baya na sake kallo.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ba a ofis ya faru ba.

Akwai wani ɗan'uwanmu direba, magidancin mutum mai shiru-shiru, da yake zaune da wasu Hausawa a masaukin ma'aikata kusa da Lusail. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma ina roƙon wanda ya sani ya kama bakinsa. Abokan ɗakinsa sun leƙa wayarsa suka gan shi yana kallon wannan wasa, sai magana ta tashi. Aka ware masa kwanonsa. Aka daina amsa sallamarsa. Daga ƙarshe wasu suka ce za su kai maganar gaban kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya: aiki ya tafi, a sa shi a jirgi, labarin kuma ya riga shi isa gida.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka ce in raka ka. Muka tarar da su zagaye da babban faranti na shinkafa, shi kuwa yana can bakin ƙofa da ƙaramin kwanonsa a kan cinya. Suka miƙe suna murna, "Malam ya zo! Yalla, a matsa wa Malam." Ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka wanke hannu, ka wuce farantinsu, ka zauna a ƙasa kusa da mutumin nan, ka yi bisimilla ka sa hannu a kwanonsa.

Duk suka daina ci suka zuba maka ido. Shi ma ya tsaya yana kallon ka. Kai kuwa sai ci kake yi, har kana cewa yajin ya yi daɗi. Da ka ƙoshi ka ɗago ka ce, "'Yan'uwa, wasan da kuka gani a wayarsa, ni ma ina kallonsa. Ni har fassara shi nake yi, kullum. Idan ƙara za ku kai, ku fara da sunana. Wanda kuma ya ga wani abu da idonsa ban da wannan, ya faɗa yanzu, Allah Yana jin mu."

Babbansu ya sunkuyar da kai ya ce, "Khalas, Malam. An bar ta."

An bar ta a kansa, amma ta dawo kanka. A azumin da ya biyo baya wani aka gabatar ya ja tarawihi, ka tsaya a sahu na biyu kana gyara masa karatu a hankali idan ya sarƙe. Maganganu sun kai kunnen Hadijatu. Ban taɓa jin ka kare kanka ba, ko sau ɗaya. Na rasa daga ina kake samo wannan natsuwar.

Da ciwo ya kwantar da kai, direban nan ne yake zuwa kai ka asibiti kafin ya fita aiki. Da ƙafafunka suka gaza, shi yake ɗaukar ka daga mota zuwa keken marasa lafiya. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarka ka kira ni da yayanka Alhaji Faruk, wanda ya zo daga Gumel, ka faɗa mana waɗanda kake so su saka ka a makwancinka. Ka ambaci Alhaji, ka ambace ni, ka ambaci direban nan.

A maƙabarta na ga abin da ban taɓa gani ba. Hausawa, Sudaniyawa, malamanka Larabawa, masu gadin jami'a, har da mutanen ɗakin nan na Lusail, sahu bayan sahu. Da lokacin saka ka a kabari ya yi, direban ya tsaya can baya, ya kasa matsowa. Alhaji Faruk ya ratsa jama'a ya kamo hannunsa ya ce, "Zo, ƙanena. Shi ya ce." Mutane suka dare suka ba shi hanya. Shi ya karɓi kanka, ya juya fuskarka alƙibla.

Bayan an watse na same shi zaune a motarsa, ƙasar kabarinka tana jikin rigarsa. Na buɗe ƙofa na zauna kusa da shi. Sannan ya ce, "Malam Haliru, ka san wani abu? Har ya rasu bai taɓa tambaya ta ko gaskiya ne ba."

Ya Allah, ga bawanKa Munzali ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi da Alƙur'anin da ya riƙe. Ka suturta shi ranar tonon asiri, Ka sanya Aljanna Firdausi ta zama masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hadijatu da 'ya'yansu Mufeeda da Abdul-Aziz, ga Alhaji Faruk, ga mahaifiyarsu Hajiya Alimatu da dukkan dangi a Gumel, da kuma ga ɗan'uwan nan namu da ban ambaci sunansa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata tamu idan ta zo. Amin.

Haliru Zainulabideen, Doha