Rafin Lantana da Hanyar Yargoje

A Yargoje na tashi, a hannun kakata Iya Abu. Bayan tuwon dare takan hura wuta da karan dawa a bakin ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta.

"Ga ta nan tafe, ku tare ta."

"Ta iso, Iya, mu ji!"

Tatsuniyar da ta fi zauna mani ita ce ta Lantana. Tana ƙarama gwaggonta ta ɗauke ta riƙo, ta goya ta suka tsallaka wani rafi, ruwa na ruri, tana tsala kuka. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, ba ta taɓa komawa garinsu ba. In an tambaye ta sai ta ce ai ruwan nan ba a hango gaɓarsa. Rannan aka aiko uwarta na kwance. Ta ɗaure zani, ta yi bankwana da ɗiyanta kamar ba za ta dawo ba. Da ta isa bakin rafin, sai ga awaki na tsallakewa.

"Iya, rafin ne ya ƙanƙance?"

"Ina! Ita ta yi ta ciyar da shi a zuci har ya yi ƙiba."

"Ta iske uwar?"

"Ta iske. Amma ido ya riga ya tafi, sai da hannu ta gane ɗiyarta."

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da 'yan bindiga suka kore mu. A ƙafa na shiga Ƙanƙara, goye da autata, kuma tun daga ranar hanyar nan ba ta da iyaka a kaina. Damina ta yi ta wucewa, gonar da mijina ya bar mana tana cin ciyawa.

Bana da mutane suka fara komawa Yargoje, na ce ni ma zan je, ƙanena ya ce, "Yaya, ki haƙura, wurin nan da nisa."

Na ce, "Ni ma haka nake tunawa. Bari in je in gani."

Da hantsi na hau babur, irin gero a cinyata. Muna cikin hirar ruwan bana da mai babur, sai ga tsamiyar bakin gari.

Ban ce babu tsoro ba. Har yanzu da la'asar muke baro gona. Amma shi tsoron na san girmansa, da idona nake auna shi kullum. Rabin gonar na iya shukawa. Geron ya kai mani ƙugu, kuma na riga na ware irin sauran rabin.