Takardar da Na Rubuta wa Tanti

Shekarar da na cika talatin da ɗaya Kawu ya ɗora ni a kan makarantarsa. Ban fi kowa iya koyarwa ba, amma ni kaɗai ce a dangi mai takardar shaidar da hukumar ilimi take nema kafin ta yarda mutum ya shugabanci makaranta. Kawu ɗan kasuwar atamfa ne, bai taɓa zama a benci ba. Gidan kakanmu da ke Zongo, inda fataken goro suke sauka a da, shi ya mayar aji shida ya kafa allo a ƙofa. 'Ya'yan teloli da masu gyaran moto da ma'aikatan masana'antun Kossodo ne suka cika mana benci, mutanen da makarantar gwamnati ta yi musu cunkoso, manyan makarantu masu zaman kansu kuma suka fi ƙarfinsu.

A cikin malamanmu akwai Tanti. Haka kowa yake kiranta, har Kawu. Ita take riƙe ajin farko tun ranar da aka buɗe makarantar, kuma ita ta kama hannuna ta koya mini harafin farko. Ƙawar Innata ce tun suna 'yan mata. Ajinta shi ne tallar makarantarmu, domin iyayen unguwarmu da kunne suke auna karatu. In mutum ya wuce ta bakin taga ya ji yara sun haɗa murya suna maimaitawa har kwanon rufi yana amsawa, to malami yana aiki. Ajin da ya yi shiru kuwa malaminsa malalaci ne. Na Tanti har wajen mai ƙosai a bakin kwalta ana jinsa.

A hutun farko bayan na hau kujerar, aka tara mu shugabannin ƙananan makarantu don horo na 'yan kwanaki. Mai koyar da mu ya ce mu daina zaman ofis muna gadin ƙararrawa. Mu shiga aji, mu zauna a baya, mu saurara, sannan mu kira yara ɗaya bayan ɗaya su yi karatu su kaɗai. Ya raba mana takarda mai gurabe da za mu cike mu ba malami. Na dawo kaina yana hayaƙi, ina ganin a wata uku zan gyara duniya. Ina da zafin kai, kowa a gidanmu ya sani, kuma ranar nan an ba zafin kaina takarda da biro.

Na zagaya aji biyar. Na sami abin gyara a kowanne, malaman kuma sa'o'ina ne ko ƙannena, mun yi magana mun rabu lafiya. Ajin Tanti na yi ta ɗagawa, yau in ce gobe, har aka ci wata huɗu. Tsoronta nake ji, gaskiyar magana ke nan.

Ranar da na shiga, ta tarbe ni da fara'a.

"Ɗiyata ta zo duba tsohuwa," ta ce wa yara. "Ku tashi ku gaida ta."

Na zauna a benci na ƙarshe, na karɓi littafin yarinyar da ke kusa da ni. Tanti ta faɗi lambar shafi, ta ɗaga murya, yara suka amsa. Na bi layin da yatsa, ban ga abin da suke faɗa ba. Na juya gaba, na juya baya. Shafin da ke gabanmu yana maganar rijiya da guga, su kuwa suna rera labarin jaki a kasuwa. Can sai na ji bakina yana motsi tare da su. Na san jakin nan. Tsohon littafi ne, wanda mu muka yi amfani da shi, wanda aka canza tun shekara biyu da suka wuce. Yara sittin suna riƙe da sabon littafi suna karanta wanda babu shi a ɗakin.

Na kira su ɗaiɗai kamar yadda aka koya mini. Kowa ya zo ya zubo mini jakin tiryan-tiryan. Na nuna kalma ɗaya da yatsa na ce wannan fa, sai ido. Ba su kai goma ba waɗanda suka iya haɗa harafi biyu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffin malamai, wai littafinta na da ya fi. Na koma ofis na cike takardar nan gurbi bayan gurbi da faransancina mafi kaifi, na sa hannu, na buga hatimi. Sannan na aika a kira ta.

Ta zo ta tsaya a gaban teburina. Ina zaune. Na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu, ta dube ta na ɗan lokaci, ta ninke ta sa a jaka.

"Na gode, Madam Direktiris," in ji ta.

Ba ta taɓa kirana haka ba. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka.

Inna ta ji labari kafin in kai gida. Ban taɓa ganin ta fusata da ni irin ranar ba.

"Ke kika aika a kira ta? Kina zaune tana tsaye? Matar da ta goya ki ranar da aka haifi ƙaninki? In tana da laifi, ba ni da ƙafa ne da ba za ki tura ni ba? Wannan formasiyon taku, horon da kuka je, ba ta koya muku kunya?"

Na ce yara ba su iya karatu ba. Ta ce wannan magana daban, abin da na yi daban. Kawu kuma ya zame jikinsa kamar yadda ya saba. Ya ce makaranta tana hannuna, in na ga dama in ɗauko yarinya sabuwa daga makarantar horon malamai, in na ga dama in bar Tanti da jakinta, tunda iyaye ba su taɓa ƙorafi ba. Duka biyun ba su kwanta mini ba. In na bar ta, yara sittin za su wuce aji na biyu da kai fanko. In na cire ta, na kori matar da ba ta da wani abu a duniya sai ajin nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ƙulla goro a ganye na tafi gidanta, bayan masallacin unguwa. Na same ta a tabarma tana tsince shinkafa da lalube. Na tuɓe takalmi na zauna a ƙasa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi Inna, ta tambayi Kawu, kamar babu komai. Na ba ta haƙuri a kan kiran da na yi mata. Ta jawo jakarta ta fito da takardar, a ninke yadda ta ninke ta.

"Ban karanta ba," ta ce. "Ba raini ba ne. Ba ni gani, ɗiyata. Yana ce ta rufe mini ido, shekara biyu ke nan. Ina ganin mutum, ina ganin ƙofa, amma baƙi a kan takarda sai dai hazo. Ranar da aka kawo sabon littafi na san ba tsohon ba ne, ko a hannu nauyinsu ba ɗaya ba. Na ce in na faɗa, wa zai riƙe makauniya a lekol tana koyar da yara? Sai na ci gaba da wanda ke cikin kaina."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Kullum ina ganin ta tana sa yara su yi mata rubutu a allo, na ɗauka dabarar koyarwa ce.

Ta miƙo mini takardar. "Karanta mini."

Na ce a bar shi, ya wuce. Ta ce bai wuce ba, an rubuta mata abu, tana da haƙƙin ta ji. Na karanta. Cewa darasi bai dace da littafi ba. Cewa yara suna hadda ne kawai. Cewa malama ba ta duba aikin kowane yaro. Tana gyaɗa kai a kan kowanne. Da na zo layin ƙarshe sai na tsallake, na ninke takardar.

"Akwai saura," in ji Tanti. "Shekara ashirin da biyar ina sauraron yara, na san muryar wanda ya tsallake layi."

Na buɗe na karanta. Na rubuta cewa ba ta cancanci riƙe ajin farko ba.

Hawaye ni suka zubo wa, ita ko ɗigo.

"Kin rubuta gaskiya," ta ce. "Amma ba zan tafi yanzu ba. Ni na ɓata wa yaran nan wata huɗu, ni zan tsaya a gyara. Ki haɗa ni da mai ido zuwa ƙarshen shekara. Bayan nan ajinki ne."

Haka aka yi. Na ɗauko wata matashiyar malama, ita ce a allo da littafi, Tanti kuma a kujera a gefe, yara suna zuwa gabanta ɗaiɗai suna karantawa. Ba ta ganin shafin, amma tana jin wanda yake haɗa haruffa da wanda yake cinta, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Sabuwar malamar ta koyi riƙe aji a wurinta fiye da duk abin da zan iya koya mata. Kafin damina ta sauka yawancin yaran suna karanta rijiyarsu da gugarsu da kansu.

Da shekara ta ƙare na roƙe ta ta zauna, ko a haka ma. Inna ta roƙe ta, Kawu ma ya sa baki. Ta ƙi. Ta ce mun yi magana a kan tabarmarta, kuma ita ba ta mayar da magana. Ranar rufe makaranta ta ba sabuwar malamar mabuɗin aji, ta ce in riƙe mata hannu mu tsallaka kwalta, domin motocin sun fara yi mata yawa.