Tankar duniyar wata da murfin langa

Shekarar da aka yi ta rikicin siyasa, yau zanga-zanga gobe yajin aiki, ni kaɗai nake a gidanmu na zangon Sokodé. Matata ta tafi Dapaong goyon ciki wurin iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta haifi mace, aka yi suna ban je ba, don motoci sun daina bin hanya. A bakin wani direba na ji cewa 'yata hancina ta ɗauko, Allah sarki.

Gyaran rediyo nake yi. Da ka ce lokacin zan yi ciniki, tunda kowa kunnensa na kan labarai, amma wanda nasa ya mutu sai ya je ya raɓa da na maƙwabci. Ni kuwa idan hannuna ya rasa abin yi, to kayan gida sun shiga uku.

Kafin rikici na saba zuwa gidan bidiyo kallon finafinan nan da ake yaƙi a sararin sama. Sai na ce bari in ƙera tankar yaƙi, amma ba irin munanan nan da ke wucewa a babban titi suna firgita yara ba. Tawa ta duniyar wata ce. Na samo gangar jiki daga akwatin wani mataccen rediyo. Tsohuwar sarƙar babur da na roƙo a gareji ta zama ƙafafu, murafan kwalba suka zama tayoyi, eriya ta zama bakin bindiga. Na ciro ɗan injin da ke juya kaset don ya riƙa juya kan tankar, na liƙa ƙananan fitilu ja da kore. Kusan wata biyu ina fama da dalma, yatsuna duk ƙuna, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba.

Kan tankar ne ya gagare ni. Ina son abu mai zagaye, mai ɗan tudu. Na gwada gwangwanin madara, ya fito kamar an kifa wa kunkuru moɗa. Na gwada ƙoƙo, ƙusa ta tsaga shi. Ina kwance ina kallon rufi, sai idona ya sauka a kan jeren matata.

Duk namijin da ya yi aure ya san jere ba nasa ba ne. Kwanoni ne da uwarta ta yi shekaru tana tarawa tun tana yarinya, an ɗora su daga babba zuwa ƙarami, ba a cin abinci a ciki, ba a taɓawa sai ranar goga. A can ƙololuwa akwai wata 'yar langa mai murfi da shuɗin fure. Na ce aro kawai zan yi, in gwada in mayar. Da na ɗora, sai ka ce don tankar aka yi shi. Ban san lokacin da na huda shi wuri biyu ba, ɗaya na bindiga, ɗaya na ƙarfen juyi, na bi shi da fenti ruwan azurfa.

Sai da fenti ya bushe hankalina ya dawo. Na dubi jere, ga langa baki buɗe kamar giɓi. Na zagaye rumfunan da ke ɗan buɗewa a sace, babu irinsa. Tsoro ya kama ni sosai, don ita ba mai faɗa ba ce, shiru take yi, kuma shirunta ya fi zagi ciwo. Sai na yanke shawarar da mai sana'a kaɗai zai yanke: zan kai mata tankar har Dapaong, idan ta ga kyan aikin za ta yafe.

Da hanya ta ɗan buɗe na shiga taksi, tanka a kwali a kan cinyata. Mun wuce shingen sojoji ya fi a ƙirga, ba wanda ya kula ni. Sai bayan garin Mango wani soja mai jan ido ya sauke mu duka, ya nuna kwalin da bakin bindigarsa. Na buɗe. Fasinjojin da muka yi ta cin gyaɗa tare tun Sokodé suka ja da baya, kowa ya zama bai san ni ba.

"Wannan mene ne?" in ji sojan, da Hausarsa ta kasuwa.

"Abin wasa ne, shef. Ta duniyar wata ce, ba ta nan ba."

"Shi yana tafiya?"

Na sa batir. Fitilu suka kama, kai ya fara juyawa a hankali, ya juya, ya juya, ya tsaya cak da bakin bindiga a kan cibiyar sojan. Na fara salati a zuci. Shi kuwa ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa, ya kira abokinsa ya gani, sannan ya rungume tankar.

"Yarona zai so shi. Ku tafi."

Ni matsoraci ne, kowa ya sani. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Shef, ba zai yiwu ba."

Dariyar ta ɗauke. Direba ya ja rigata ta baya.

"Tankar tawa ce, ɗauka. Amma kan nan murfin langar matata ne, daga jerenta na ɗauko, ba ta sani ba."

Ya dube ni, ya dubi murfin, ya kankare fentin da farce har shuɗin fure ya leƙo. Ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Kai, maigida. Ka huda shi? Matanka shi zai kashe ka, ba ni ba."

Da kansa ya riƙe mini ita na kwance kan. Ina kwancewa ƙwalla na cika mini ido, don wata biyu na rayuwata nake barin wa ɗan da ban sani ba. Na koma mota da murfi a aljihun riga, shi ya koma inuwa da tanka marar kai.

Na isa Dapaong da la'asar. Na durƙusa na gaida surukata kaina a ƙasa, ta amsa daga bayan labule, aka kai ni ɗakin da matata take. Ta yi fari ta yi ƙiba, jaririya a cinyarta. Maimakon in fara da barka, sai na zaro murfin na ajiye a gabanta. Ta gane shi duk da fenti. Ta sa ɗan yatsa a huda ɗaya, ta sa a ta biyu, ta yi shirun nan da nake tsoro.

Na shiga ba da labari da sauri: sarƙar babur, fitilu, yadda kai ke juyawa. Ba ta ɗago ba. Ganin haka na tsallaka zuwa wurin da nake ganin na yi bajinta, yadda na tsaya gaban soja na ce ba zai yiwu ba.

Nan ta ɗago.

"Da bindiga a hannu nasa?"

"Da bindiga."

"Ka yi mishi gardama?"

"Saboda murfinki."

Murfin ta ɗauka ta buga mini a ka, ƙwal, har surukata ta yi gyaran murya a waje.

"Wata nawa ina jin ana harbi, ban iya cin abinci, ina roƙon Allah ya bar mini kai! Da ya harbe ka fa? Me zan gaya ma wannan in ta girma? Babanki ya mutu a kan murfin langa?"

Tana faɗa tana kuka, dariya kuma tana neman ƙwace mata. Sai a lokacin na ji tsoron da ya kamata in ji a shingen.

Ta share ido da bakin zani, ta miƙo mini jaririyar.

"Ungo 'yarka. Riƙe ta da hannu biyu. Kuma kar ka cire mata komai."