Motar da Ke Kallon Ƙofa

Duk wanda ya daɗe a Nassarawo ya san Zadok da tsohuwar Fijonsa. Shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikata kafin ya yi ritaya, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ba ya da yawan magana, kuma ba don wata hikima ba, haka Allah ya yi shi.

Ɗa ɗaya suka haifa da matarsa Liyatu, shi ne Danny, malamin makaranta a Mubi. Da 'yan Boko Haram suka shiga garin a ƙarshen 2014, wayar Danny ta daina shiga. Zadok ya sa wa mota sababbin tayoyi huɗu, ya kama hanya. A Gombi aka juyo da shi. Da hanya ta buɗe ya je har sau uku. Ɗakin yaron a buɗe, babu gawa, babu labari.

Tun daga nan da baya yake shigar da mota gida, hancinta na kallon ƙofa, tanki a cike, saboda ranar da za a kira a ce an ga Danny. Liyatu ta rasu motar na nan a haka. Ba ta zuwa ko'ina sai coci ranar Lahadi.

Bara, yana dawowa daga coci, tayar gaba ta fashe a kan kwalta sumul. Washegari ya lallaɓa da safaya zuwa rumfar Jibrilla, mai sayar da tayoyi a Jimeta, wanda Zadok ya saba ciniki da mahaifinsa.

"Dubi zanenta," in ji Zadok. "Ko rabi bai ci ba."

Jibrilla ya tsuguna, ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya nuna masa wasu lambobi huɗu.

"Bappa, biyun ƙarshen nan shekarar da aka yi shi ne. Sha huɗu. Wannan taya ya isa shiga sakandare."

"Ai ban taka ta ba."

"Taya ba ruwansa da an taka ko ba a taka ba. Yana tsaye yana mutuwa. Sauran ukun ma gawa ne, jana'iza kawai suke jira."

Ya gangaro da kala biyu. Ga sababbi dal a leda, ga na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, masu ɗan sauran rai.

"Ina motar yake zuwa? Nan maganar take. In cikin gari ne, coci da kasuwa, Beljiyam ya ishe ka. In doguwar hanya ne, ramukan hanyar Song da zafin kwalta, wallahi ba zan ba ka shi ba, ko ka roƙe ni."

Zadok ya daɗe yana shafa sabuwar. Ba kuɗin ne ya dame shi ba. Idonsa na hagu ya yi yana, ya fi shekara ba ya iya karanta lambar motar da ke gabansa. Ko yau aka kira, ko Girei da ke nan kusa ba zai kai ba, balle Mubi. Ya san haka tuntuni, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa inda za shi.

"Sabuwar shekara nawa take yi?"

"Biyar, in ta yi tsanani shida. Za ka ƙara aure ne, Bappa? Ka faɗa mini in shirya hula."

Zadok bai yi dariya ba. Ya cire hannu daga kan ledar.

"Sa mini na cikin gari, ɗana."

Jibrilla ya ɗago ya dube shi, ya jawo jak.

Zadok bai wuce gida kai tsaye ba. Ya gangara a hankali har bakin tafkin Njuwa, ya zauna a mota yana kallon masu shinkafa na korar tsuntsaye. La'asar sakaliya ya juyo. Ya buɗe ƙofar gida da kansa, kamar kullum, ya shiga da gaba har hancin motar ya kusa taɓa katanga, ya kashe inji.

Hafsah, matar maƙwabcinsa, ta leƙo ta ce, "Baba, yau ka manta ka juya ta."

Ya ce bai manta ba.