Tafiyarmu Sakkwato Sayen Gishiri

Jiya jikata ta jiƙa garin gero da tsamiya, ƙamshin ya iso ni har ɗaki, sai na ji ƙafafuna sun yi nauyi. Ƙamshin nan ba ya tuna mini komai sai gajiya.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, ina yarinya a hannun kakata a ƙauye, labari ya zo cewa za a mayar da babana Kaduna. Akawu ne a Sakkwato, ya daɗe rabonsa da gida. Shi ne ɗan farinta, kuma ka san yadda mutanen dā suke yi da ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abincin gidansa. Da ta ji labarin, washegari ta ce gishirinta ya ƙare, za ta birni saye. Gishiri kuwa ga shi nan a kasuwarmu jibge. Kowa ya gane ɗanta take son gani kafin ya yi nisa, amma ba wanda ya isa ya faɗa.

A ƙasa muka tafi, don kuɗin mota ya fi ƙarfinmu. Ƙarshen damina ne, rana kamar ta dafa mutum, gero ya tsaya a gonaki babu iska. Guzurinmu gari ne da tsamiya da ƙuliƙuli, ni ce mai ɗauka.

Birni ya ba ni haushi tun daga shiga. Ruwan da muke ɗiba kyauta a rijiya, nan sai ka biya mai garwa. Itace na kuɗi, har ganyen da ake ƙunshe ƙosai kamar za a ce ka biya. Masu tsire suna ta fifita wuta, kakata ta ja hannuna ta ce hayaƙi yana sa tari. Muka sauka a zauren wata dillaliya 'yar ƙauyenmu, kusa da akurkin kaji, alhali gidan babana yana cikin garin da katifa da fitila. Na yi mita har na gaji, ta ce in ina son katifa in je in auri Bature.

Kowace safiya sai mu zauna gindin wata darbejiya a kan hanyar ofisoshi, wai muna hutawa. Tutoci sun cika titi, 'yan makaranta suna ta waƙa, mu muna jiƙa gari a ƙoƙo. Garin ya soma tsami, ya kusa ƙarewa, kuma in ya ƙare sai komawa, ko ta gan shi ko ba ta gan shi ba.

Ranar da muka kankare ƙasan jaka, sai ga shi a kan keke. Ni ya fara ganewa. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da mu. Kakata ta juya fuska ga itacen.

"Ki ce ma mutumen ga gishiri muka zo saye," in ji ta. "Gobe mu koma."

Ya roƙe ta mu je gida, ta bakina. Ta ƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wannan kumburin ƙafa da yunwa, a ƙarshe ɓawon itace take kallo.

Da ya tashi tafiya, bai hau keken ba. Ya riƙa tura shi a hankali, a hankali, a tsakiyar hanya inda ba abin da zai kare shi, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ya san sai ya ba ta baya za ta iya duba shi. Na ga kakata ta juyo, ta zuba masa ido har ya sha kwana.

"Ya rame," ta ce, ta ɗaure bakin jaka.

Ganinsu na ƙarshe ke nan. Ta rasu yana Kaduna.

Yau ɗan farina yana kira na a waya, fuskarsa ta cika gilashin, yana cewa in dube shi. Jikoki suna yi mini dariya wai na tsufa da kunya. Nakan amsa masa ina kallon bango, sai ya juya yana yi wa matarsa magana, sannan in ɗago wayar.