Anzar Inna Ige

A Unguwar Lalle na girma, a gidan da rumbuna suka fi ɗakuna yawa. Idan an gama kai gero gida, sanyi ya fara shigowa, kakarmu Inna Ige takan sa a hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da an idar da magariba. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Ita kuwa ta miƙe ƙafafu kan tabarma ta ce gatana ta iso, wa zai tarbe ta? Mu haɗa baki mu ce mu ne.

Labaranta suna da yawa, amma akwai guda da ba ma ɗokinsa ko kaɗan, don ba ya zuwa shi kaɗai. Sau ɗaya a shekara, daidai lokacin da rumbu ya cika har baki, Inna takan fito da ƙwarya cike da dafaffiyar anza. Anza 'ya'yan wani ɗan itace ne na daji, abincin shekarar yunwa. Ɗacinta ya wuce misali, kuma in ba a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa ba, cutarwa take yi. Mu 'yan mata ke sauya ruwan, muna yi muna tsaki. Ga tuwo a gida, ga nono, wai sai mun ci wannan abu.

Labarin na wata mata ne mai wadata, mai ɗa guda tilo. Wata rana maƙwabciyarta ta leƙo ta kan zana ta kira ta, ta zo ta ga yadda ake jiƙon anza. Matar ta yi dariya, ta ce Allah ya tsare ta, gidansu ba a kiran yunwa da hannu. Ana nan sai fara ta sauka, damina ta biyu kuma ruwa ya ɗauke. Rumbunan nan suka zama fanko. Matar ta saci jiki ta shiga daji ta tsinko anza, amma kunya ta hana ta tambaya. Ta tafasa ta sau ɗaya, ta ba yaron. Kafin la'asar yana birgima riƙe da ciki, ita kuma tana dukan zanar nan tana kiran maƙwabciyar da ta yi wa dariya.

A nan Inna take tsayawa. Ta ɗauki kara ta shiga gyara wuta, kamar ta manta da mu.

"Inna, yaron ya rayu?"

"Ku canye tukuna," in ji ta. "Ni ban ba da ƙarshen labari ga mai sauran anza a hannu."

Sai mun sharce ƙwaryar, muna yamutsa fuska, sannan ta ce ya rayu. Shekarar da wani yayanmu ya zubar da tasa bayan turmi, cewa ta yi ta manta ƙarshen, ta tashi ta shige ɗaki. Na yi kuka sosai ranar.

Yanzu ina aure a garin Isa, Inna ta daɗe da rasuwa. Halin da ƙasarmu take ciki ba sai na faɗa ba. Mun ga matan ƙauye sun shigo gari ƙafa duk ƙaya, bayan sun kwana a daji da goyo suna gudun masu bindiga. Kwanan baya wata ƙungiya ta fara koya wa mata, duk ranar Asabar, yadda ake rayuwa a daji in gudu ya kama: inda ake neman ruwa da yadda ake tsabtace shi, abin da ake ci da wanda ba a taɓawa, abin yi in maciji ya sari mutum.

Na so in je, na kuma ji tsoron zuwa. Maigidana, wanda ke da makarantar allo a zaurenmu, bai hana ni ba. Ya dai ce in tuna cewa idon unguwa yana kan gidan nan, ranar da aka ga matar malam ta fara koyon gudu, zuciyar mutane za ta karye. Ban ga laifinsa ba. Ni kaina ji nake in na taka wurin, kamar na yarda ke nan wata rana za ni kwana a daji da 'ya'yana.

Ana cikin haka muka tafi suna Kamarawa da Rabi, babbar ɗiyata. Mota ta lalace a hanya, muka sauka muna jiran gyara. Can gefen hanya na hango anza, ganyenta shar duk da rani. Na nuna wa Rabi na ce mene ne wancan? Ta duba, ta ɗaga kafaɗa ta ce itace ne mana. Yarinyar nan ta san karatu, ta san girki, amma da za a raba mu a daji, ko ta kwana da yunwa a gindin abinci, ko ta ci shi yadda zai cuce ta.

A tsaye a wurin na ba ta labarin matar da ɗanta. Ina cikin faɗa na gane abin da ya sa Inna take zaɓar ranar da rumbu ya cika. Mai yunwa ba ya iya jiran jiƙo, mai gudu ba shi da wanda zai tambaya. Ba yunwa take kira mana ba, tausayinmu take ji.

Da muka koma gida na ce wa Malam za ni, kuma da Rabi za ni tafi. Ya ce in mun koyo mu koya masa.

Safiyar Asabar muna saka hijabi Rabi ta tuna ban ƙarasa mata ba.

"Umma, wai yaron ya rayu?"

Na miƙa mata takalminta na ce, "Sa mu tafi. Yau amsar tana hannunki."