Suna na Goma Sha Takwas a Hindawiyya

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da Inna mahaifiyata, da ƙanena da zai sauke mu a filin jirgin Kano ya koma da mota. Umara muka nufa a tsakiyar Sha'aban, don Inna ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki cinkoson azumi ba. Hanyar Malumfashi tana nan yadda na san ta, wani wuri sumul, wani wuri sai ka riƙe kujera. A Gwarzo muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Inna ta ce ƙosan ya sha mai da yawa, ta kuma cinye nata ta taɓa nawa.

Tun a Kano na ɗaura harami, sanyin jirgi kuwa ya yi mini horo har Jidda. Can ɗan kawuna ya tarbe mu. Haifaffen Makka ne, mahaifinsa wan Inna ne da ya zo aikin Hajji tun ban san kaina ba, ya zauna. Tasi yake ja a Hindawiyya, wata unguwa a Makka. Hausarsa ta tsofaffin Katsina ce, ya cakuɗa ta da Larabci, sai ka ji kamar kakanka ne ke magana a bakin ɗan shekara arba'in. Titin Jidda zuwa Makka kuwa na yi ta neman rami ko guda don in sami abin faɗa idan na dawo, ban samu ba, har barci ya kwashe ni.

A Misfala muka sauka, hawa na uku, a wani lungu da ke gangarawa Harami. Da safe layin gidan burodin tamis yakan kai bakin titi, ana haɗa shi da dafaffen wake da man zaitun. Da yamma sai ƙanshin tsire ya cika lungun. Su a can siriya suke ce masa, har Larabawa ke layi a gaban mai gashin, wani dattijo da ya ce mini iyayensa mutanen Maraɗi ne. Kofin shayi riyal biyu. Rana ta farko na juya shi zuwa naira, daga nan na daina, don lafiyar zuciyata.

Inna ba ta iya ɗawafi da ƙafa, don haka ɗan kawuna ya kawo mana mai tura keken guragu, wanda a can suke kira arabiyya. Sunansa Bakur, wato Abubakar a bakin mutanen Makka. Dogo ne siriri, ya ba talatin baya, ba ya yawan magana. Da keke a hawan sama ake zagayen Ka'aba, kuma zagayen can ya ninka na ƙasa tsawo. Na ce bari in karɓe shi zagaye guda in sami ladan uwa. Kafin in kai rabi numfashina ya ɗauke, na mayar masa da kekensa ba tare da an roƙe ni ba. Shi kuwa ya yi bakwai, ya yi Safa da Marwa, yana karanta wa Inna addu'a a hankali tana maimaitawa. Kafin mu fito ta riga ta mai da shi ɗanta.

Ranar Laraba bayan la'asar ɗan kawuna ya ce in zo ya nuna mini abin da ba ya cikin littafin mahajjata. Ya san ni da ƙwallo tun da daɗewa, ya san kuma bakina ba ya shiru a kanta. Ya kai ni wani fili a gefen Hindawiyya, an kewaye shi da waya, duwatsu sun yi masa inuwa ta yamma. Ashe kowace shekara unguwanni kan yi gasa a cikin azumi, kuma a Sha'aban ake wasannin gwaji. Kowace ƙungiya sunaye goma sha takwas za ta miƙa kafin wasan buɗe gasa. Idan an miƙa an miƙa, babu ƙari babu ragi.

Magoya baya suna zaune a kan tabarmi da kujerun roba, da butar shayi a tsakiya. Direbobi ne da masu shago da wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Musu suke da Larabci, idan ya yi zafi su sauko Hausa. Sunaye goma sha bakwai babu gardama a kansu. Na ƙarshen ne ake ja, gurbin ɗan tsakiya, tsakanin wani saurayi ɗalibin jami'a da ya ci ƙwallo uku a wasannin gwaji, da wani tsohon hannu mai lamba shida. Da mai lamba shidan ya juyo, sai na ga Bakur ɗinmu ne.

Ɗan kawuna ya ce shekara goma sha biyu ke nan ba a taɓa buɗe gasar unguwar babu Bakur a fili ba. Bakur ya faɗa wa kowa cewa bana ce ta ƙarshe, yana so ya ajiye takalmi da rigar unguwarsa a jikinsa, ba a bayan waya yana leƙe ba.

Malamin makarantan yana bayan ɗalibin. Ya ce ƙwallo uku ƙwallo uku ce, ko a mafarki aka ci ta. Wani mai shagon turare ya ce ƙarya ne, cin Sha'aban ba ci ba ne, masu tsaron bayan da aka yi wasa da su tsoron rauni suke, ba wanda ya sa ƙafa da gaske, a bari azumi ya zo a gani. Wani ya ce a bara ma an yi wani da ya haskaka a gwaji, da aka buɗe gasa sai aka neme shi aka rasa. Ni da aka kawo kallo, kafin hutun rabin lokaci na riga na ɗauki ɓangare. Bakur ba ya gudu da yawa, amma duk inda ƙwallo za ta faɗo sai ka same shi tsaye yana jiranta. Na faɗi haka da ƙarfi, mai turare ya cika mini kofi. Kocin, wani dattijo mai furfura da kowa ke kira Kabtin, yana tsaye nesa da mu da hannu a baya. Aka ce ranar Asabar ne gwajin ƙarshe, Lahadi ya karanta sunaye.

Ranar Juma'a bayan magariba Inna ta ce tana so ta yi wa Baba umara, Allah ya jiƙansa. Litinin za mu wuce Madina, Lahadi kuma tana son hutu, saura Asabar ke nan. Na ce a nemo wani mai keken, ta ce ita ba wanda zai tura ta sai ɗanta. Na kira Bakur a waya. Ya ce, "Asabar, Alhaji?" Na ce da safe ne ai, kafin rana ta ɗaga mun gama. Ya ce, "Ɗayyib. Don Hajiya, ba komai." Na san da wasan. Ni da na kasa rabin zagaye, na zauna na lissafa cewa safiya daban, yamma daban.

Muka fita Tan'im muka ɗauro niyya, muka dawo muka tarar Harami ya cika, kamar duk duniya ta yi shawara ta riga azumi zuwa. Keke a cikin cinkoso tafiya ce ta tsaya-ka-tura, kuma kowace turawa daga tsaye ake faro ta. Inna tana kuka tana kiran sunan Baba, Bakur yana rage tafiya don ta gama addu'a. Ba mu fito Marwa ba sai da aka kira azahar. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Inna ta riƙe hannunsa ta yi ta sa masa albarka, ya durƙusa ya karɓa, sannan ya naɗe kekensa ya tafi.

Bayan la'asar ina fili. Minti goma da farawa na gane abin da na aikata. Idonsa yana ganin inda ƙwallo za ta, ƙafarsa ba ta kai shi. Sau biyu aka wuce shi kamar an wuce turken wuta, na biyun ya zama ci. Ana dawowa daga hutu Kabtin ya zaunar da shi ya sa ɗalibin, wanda bai ci ƙwallo ba amma ya yi ta gudu kamar an biyo shi. Malamin makaranta ya ce, "To, kun gani. Shekaru ba sa ƙarya." Mai turare ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Wani ya ce Bakur ya ƙare, a yi masa addu'a kawai.

Wannan maganar ce ta ɗaga ni. Ana tashi na nufi Kabtin. Ɗan kawuna ya kamo hannun rigata, na fizge, a zatona kunyar baƙo yake ji mini. Na gaida dattijon na ce ni baƙo ne daga Nijeriya, amma akwai gaskiyar da ba zan tafi da ita a ciki ba. Na ce abin da ya gani yau ba tsufa ba ne, laifina ne, tun safe har azahar mutumin nan yana tura mahaifiyata a hawan sama. Na yi bayani mai kyau, har ina jin daɗin kaina.

Kabtin ya dube ni ya ce, "Yau, ya Hajji? Yau da safe?"

Na ce ƙwarai.

Ya ce, "Shukran. Allah ya karɓi umarar Hajiya." Ya mai da hannunsa baya ya tafi.

A mota ɗan kawuna bai tayar da injin ba sai da ya gama faɗa mini. Ashe tun farkon Sha'aban Kabtin ya kira Bakur ya kafa masa sharaɗi guda: ranar wasa babu turin keke. A azumi aikin keke yake fin yawa, kuma a bara sau biyu Bakur ya shigo fili da matattun ƙafafu. Ya yi alkawari a gaban 'yan wasa cewa bana ba za a sake ba. Ɗan kawuna ya ce, "Wallahi, Yaya, Kabtin yana son Bakur. Da wasa guda ne ya ɓaci, da ya ce rana ce ta ƙi shi, ya rubuta shi ko a benci. Yanzu ka nuna masa mutumin ba ya iya ce wa tsohuwa a'a. Kuma a azumi kullum akwai tsohuwa." Har muka iso Misfala ban sake magana ba, abin da duk wanda ya san ni zai ce ba a taɓa yi ba.

Lahadi ban je fili ba. Ɗan kawuna ya kira ni bayan la'asar ya ce an karanta, na goma sha takwas ɗalibin ne.

Litinin da hantsi muna haɗa kaya sai ga Bakur da ƙullin dabino, ya zo sallama da Inna. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ta yi masa addu'ar mata da 'ya'ya da arziki, yana amin. Na raka shi matattakala, na ce ya yafe mini, sau biyu na cuce shi, da safe da kuma da yamma. Ya yi murmushi ya ce, "La, Alhaji. Ta safe ni na zaɓa, kuma ko yau aka sake kira zan zo. Ta yamman ce dai da ka tambaye ni tukuna." Bai ƙara ba, bai kuma ɗaga murya ba. Na tambaye shi ko zai je kallon wasan buɗe gasa. Ya ce zai je in aiki ya bari, ɗalibin yaron kirki ne, yana buƙatar wanda zai riƙa nuna masa inda zai tsaya. Ya sauka da kekensa a naɗe a kafaɗa, akwai wani dattijo da ke jiransa a ƙofar Harami.

Kwana uku muka yi a Madina. Garin yana da natsuwar da ke sa mutum ya ji muryar kansa, ni kuwa tawa ba ta yi mini daɗi ba. Daga can muka hau jirgi zuwa Kano, ƙanena ya tarbe mu, muka kama hanyar gida. Mun wuce Dayi Inna tana ba shi labarin ɗan da ta samu a Makka, sai na ga ba zan iya ci gaba da riƙe abin ba. Na faɗa mata duka, tun daga tabarmin 'yan shayi har zuwa matattakala. Na zaci za ta yi kukan cewa ita ta jawo. Ta daɗe tana kallon gonaki ta taga, sannan ta ce, "Shi ya aike ka wurin dattijon?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To."

Mun iso Funtuwa lafiya ana kiran magariba, 'yan uwa sun cika gida, aka sha zamzam aka ci dabino. Na je Makka da niyyar hidimar uwa, Allah ya sa na yi, kuma na gode. Amma na dawo da sanin cewa na daɗe ina yanke hukunci a kan ƙafafun mutane ban taɓa tambayar inda suka yini ba, kuma ranar da na tashi in yi wa wani alheri, na yi ne don in sauke nauyin da ke ƙirjina, ban tsaya na ji ko yana so ba. An ga wata jiya. Jibi za a buɗe gasar Hindawiyya, karo na farko cikin shekara goma sha uku da Bakur zai tsaya a bayan waya, kuma ni na tsayar da shi a can.